Wai Gumi Yana Rage wa Ƙoda Aiki?

Mai Gashin Burodi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, ku yi mini afuwa don maganar ta shafi bawali. Sana'ata gashin burodi, daga asuba har la'asar ina bakin tanda. Tun da bazarar nan ta kama rigata ba ta bushewa, in na tuɓe ta da yamma sai ka ga farin gishiri ya yi zane a bayanta. Abin da ya dame ni, yanzu sau ɗaya nake zagawa a wuni, in ya yi yawa sau biyu, shi ma ɗan kaɗan, launinsa kamar baƙin shayi. Na yi wa maigidana magana ya ce in kwantar da hankalina, ai dauɗar jikin ce ta bi gumi ta fita, shi ya sa ba abin da ya rage wa fitsari. Ya fi shekara 30 a sana'ar nan, ba na son in musa masa, amma zuciyata ba ta natsu ba. Haka abin yake?

Mai Adaidaita: Wa alaikumussalam. Wallahi kamar ka shiga raina. Ni ma haka nake wuni, har ina jin daɗi don ba na ajiye mashin in tafi neman banɗaki.

Dattijon Zaure: Yaro, maigidanka bai faɗa maka ƙarya ba. Mu da muka tashi a gona mun san gumi magani ne. In zazzaɓi ya kama mutum, a dafa ganyen darbejiya a rufe shi da bargo ya yi sirace, da gumi ya keto masa sai ka ga ya miƙe. Cutar ta ina ta fita in ba ta fata ba? Mutumin da ke gumi ai jikinsa a wanke yake. Masu zama a ofis cikin sanyi su ne kullum a layin asibiti.

Malamar Jinya: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa maka, kuma ka yi mini haƙuri. Ƙanena mai burodi, abin da ka siffanta ba alamar wankuwa ba ce. Jikinka ne ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙodarka tana ta tattalin ɗan abin da ya rage. Dauɗar tana nan yadda take, ruwan da za a kore ta da shi ne babu, shi ya sa ta fito a dame, ta yi duhu ta yi wari. Kafin mu ci gaba, faɗa mini: ruwan leda nawa kake sha daga asuba zuwa tashi daga aiki? Kanka yana ciwo da yamma? Kana shan wani magani?

Mai Gashin Burodi: Anti, bai wuce uku ko huɗu ba, sai shayi da safe. Ciwon kai kam kusan kullum, da ciwon gaɓoɓi. Nakan sayi haɗin maganin ciwon jiki a kemis in sha kafin in kwanta.

Malamar Jinya: To ka ga. Leda ɗaya rabin lita ce, wato lita 2 ke nan a mafi yawa. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da lita 1 na gumi a awa guda, wani ma ya fi haka. Ka yi lissafin awanninka a bakin tanda. Maganar haɗin nan kuma zan dawo kanta, don ita ta fi tayar mini da hankali.

Malamin Kimiyya: Bari in ɗan shimfiɗa yadda abin yake, don in aka gane aikin kowanne gardamar za ta yi sauƙi. Duk naman da ka ci, da wake, da ƙwai, da madara, jiki yana farfasa sinadarin gina jikin da ke cikinsu ya ɗauki abin da yake so. Ragowar takan zama amoniya, ita kuwa guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwa. Sai hanta ta karɓe ta ta mayar da ita wani abu mai sauƙin illa da ake kira yuriya, ta zuba a jini. Tsoka ma tana da nata tarkacen, kiriyatinin, wanda shi ne likita ke aunawa in ya ce a je a yi gwajin ƙoda. Duk waɗannan a cikin jini suke yawo har su isa ƙoda.

Ƙoda biyu ce, kowace kamar dunƙulen hannunka, a can baya ƙarƙashin haƙarƙari, hagu da dama na ƙashin baya. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu. Abin da suke tacewa daga jini a kwana ɗaya ya kai lita 180. Ku ƙiyasta jarka mai lita 20 guda 9, kusan kurar ɗan garuwa. Da duk wannan zai fita, da mutum bai kai azahar ba. Sai Allah ya sa kowane mataci yana da siririn bututu a bayansa, inda ake sake tsotse ruwan da sukari da gishirin da jiki ke buƙata a mayar cikin jini. Kashi 99 cikin 100 yana komawa. Abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ke gangarowa ta bututu biyu zuwa mafitsara, ɗauke da yuriya giram 20 zuwa 30 a kullum. Wannan aikin ba tankaɗe ba ne kawai, zaɓe ne: wannan a riƙe, wannan a zubar, gishiri ya yi yawa a rage, ruwa ya yi kaɗan a tsuke.

Manomin Kadawa: Malam tsaya. Yuriyar da kake faɗa, ita ce dai takin da muke saya a buhu muna zuba wa shinkafa?

Malamin Kimiyya: Ita ce, sinadari ɗaya ne, sai dai ta buhu a masana'anta ake haɗa ta. A fitsari aka fara gano ta. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler shi ya fara haɗa ta a ɗakin gwaji a 1828, ba tare da ƙodar mutum ko ta dabba ba. Shi ya sa in ka lura, inda dabbobi ke yawan fitsari ciyawar tsakiya takan ƙone, ta gefe kuma ta yi kore shar. Taki ne ya yi yawa a wuri ɗaya.

Dattijon Zaure: Duk na ji, Malam, kuma na ƙaru. Amma ba ka taɓa maganata ba. Gumi ba shi da gishiri? Ba shi da wari? In ba dauɗa ba ce, me ke warin? Kuma zazzaɓin da na ce, da idona na gani, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba.

Malamin Kimiyya: Baba, tambayarka a kan hanya take. Gumi yana da gishiri, har da ɗan burbushin yuriya, ban musa ba. Amma kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne zalla, abin da yake fitarwa na dauɗa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da fitsari. Aikinsa daban ne. Ka san randar ƙasa, yadda bayanta ke tsattsafo, iska ta buga ruwan ciki ya yi sanyi? In ka shafe ta da fenti ta daina tsattsafo, ruwan ba zai ƙara sanyi ba. Fatarmu haka take. Akwai ƙananan maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4 a jikin mutum, sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Ruwan ya fito ya bushe, bushewar ce ke tafiya da zafi, jiki ya tsaya a kusa da digiri 37. Shi ya sa zafin Legas ya fi damun mutum ko da bai kai na Sakkwato ba: iskar can a jiƙe take, gumin ba ya bushewa, sai dai ya yi ta tsiyaya.

Gishirin kuma ba shara ba ne, asara ce. Jiki yana son abinsa, har a bututun gumin ma yakan ƙwato wani kafin ya fito.

Ɗalibar Likitanci: In ƙara a kan wari, Baba. Gumin da ya fito sabo kusan ba shi da wari. Akwai wasu maɓuɓɓuga na daban a hammata da matsematsi, ba sa fara aiki sai an balaga, abin da suke fitarwa yana da ɗan maiƙo. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu zama a kan fata, su ke cin wannan maiƙon, warin daga gare su yake. Ka ga yaro ɗan shekara 5 zai wuni yana guje-guje a rana, hammatarsa ba ta yi irin ta babba ba.

Zazzaɓi kuwa, abin da ka gani gaskiya ne, amma gaba da baya aka juya. Lokacin da cuta ta shiga, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga ma'aunin zafin jiki, shi ya sa mutum ke rawar ɗari yana neman bargo. In jiki ya ci ƙarfin abin, ko magani ya kama, sai ta sauke ma'aunin, gumi ya keto don a zubar da zafin da ya taru. Saukar zazzaɓin ce ta kawo gumin. Kuma a zazzaɓin cizon sauro, yin gumi ba ya nufin an warke, ƙwayar cutar tana nan a jini, jibi zazzaɓin ya dawo. Ina roƙon iyaye, kada a naɗe yaro mai zafin jiki a bargo don a tilasta masa gumi.

Ustazun Unguwa: Wani abu da ya zo mini: a fiƙihu fitsarin ɗan Adam najasa ne, sai an wanke, amma gumi mai tsarki ne, mutum yana salla da rigar da ta jiƙe sharkaf. Ba hujjar likitanci nake kawowa ba, na dai ga ya dace da abin da Malam ke faɗa.

Dattijon Zaure: Na karɓi ta randa. Ta bargon yara ma na karɓa, don na tuna jikata ta taɓa shiɗewa a irin haka. Amma sirace ban bari ba, yana buɗe mini hanci.

Malamar Jinya: Ba wanda ya hana ka siracenka, Baba, in dai za ka kiyaye ƙuna ka kuma sha ruwa bayansa. Abin da nake tsoro shi ne matashi ya ga fitsarinsa ya ƙafe ya ce alhamdu lillahi gumi ya ɗauke. Na yi aiki a ɗakin wankin ƙoda. Da fata tana iya aikin ƙoda, da ba mu ga mutum yana zuwa sau 2 ko 3 a mako ya kwanta awa 4 jikin inji ba, da sai a ce ya je ya zauna a rana. Wanda ƙodarsa ta tsaya, yuriya takan taru har ta riƙa fitowa ta fata, a wasu ta bushe kamar farin gari a fuska, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana, ga amai, ga kumburi. Fatar ta yi iya ƙoƙarinta ke nan, kuma bai isa ba.

Yanzu maganar haɗi. Ƙanena, yawancin abin da ake ƙulla wa masu aikin ƙarfi a leda akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga matatan ƙoda. Mai isasshen ruwa a jiki ya sha na kwana biyu, galibi ba komai. Amma kai ka wuni kana zubar da ruwa, jinin da ke isa ƙodar ya riga ya ragu, sai ka zo da dare ka ƙara matse hanyar, kuma kullum. Ciwon kan da kake sha wa maganin ma, mai yiwuwa ƙishirwa ce. Ka dakata da shi, ka je a auna maka hawan jini, a gwada fitsari da kiriyatinin. Ba ina ce ƙodarka ta lalace ba, ina ce ka daina yi mata abin da kake yi.

Yayan Marayu: Anti ta faɗi gaskiya, ni ganau ne. Ƙanena birkila ne, ƙaƙƙarfa, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Hawan jini gare shi bai sani ba, ga maganin ciwon jiki kullum, ga jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a tasha wai na wankin ciki da ƙarin ƙarfi. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi, likita ya ce abin ya daɗe yana ci. Ciwon nan ba ya sallama, sai ya cinye mafi yawan ƙodar kafin mutum ya ji a jikinsa. Mun sayar da fili, mun sayar da mashin, wata 7 muna wanki. Ya bar yara 4, suna hannuna. Don Allah duk wanda ya haura 40, ko yake da suga ko hawan jini, ya riƙa gwaji ko sau ɗaya a shekara.

Mai Adaidaita: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Dattijon Zaure: Allah ya gafarta masa, ya ba ka ikon riƙo.

Ɗan Gashuwa: Amin. Mu a yankinmu, Gashuwa da Nguru da kewaye, ciwon ƙoda ya zama abin da kusan kowa ya san gidan da ya shiga. Kowa da abin da yake zargi, wasu ruwa, wasu maganin feshi.

Ɗalibar Likitanci: Yaya, akwai makamancin haka a Amurka ta Tsakiya, a Nikaraguwa da El Salbado, tsakanin masu yankan rake. Samari majiya ƙarfi, ba suga ba hawan jini, ƙoda ta riƙa mutuwa. Cikin abubuwan da masu bincike suka fi zargi akwai aikin ƙarfi a tsananin zafi da ƙarancin ruwa da ke maimaituwa kullum. Matakin da aka ɗauka a wasu gonakin abu uku ne: ruwa, hutu, inuwa. Ban ce dalilin can shi ne na Gashuwa ba, amma ya isa mai aiki a bakin wuta ya kula.

Maman Biyu: Ni tawa ta mata ce. Ina da shago a kasuwa, banɗakin da ke kusa ba ya shiguwa, sai na riƙa ƙin shan ruwa da gangan don kada fitsari ya kama ni. Da yawanmu haka muke yi, 'yan mata a makaranta ma haka. Ga shi kusan duk bayan wata biyu sai na yi fama da zafin fitsari da ciwon mara. Yana da alaƙa?

Malamar Jinya: Ƙwarai, 'yar'uwa. Mafitsara tana ɗaukar kamar leda ɗaya ta ruwa, kuma duk lokacin da kika zubar kina kore ƙwayoyin cutar da suka fara hawowa. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, wajen santimita 4, ta namiji kusan 20, shi ya sa abin ya fi kama mu. Kin rage ruwa, kin riƙe fitsari, kin ba su wurin zama ke nan. Kuma a daina kiran komai sanyi ana sayen kafso a sha biyu a ajiye. A kai fitsarin a gwada. In zafin ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ya hau ƙoda, ranar za a je asibiti, balle mai ciki.

Manomin Kadawa: Tun da an buɗe maganar, yaranmu da ke wanka a kwata da fadama, wasu kan yi fitsari da jini a ƙarshe. Muna yara har cewa ake alamar girma ce.

Ɗalibar Likitanci: Tsargiya ce, Baba, ba girma ba. Tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan katantanwar ruwa ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara tana ƙwai, ƙwan ne ke yaga bangon mafitsara. Wani likita Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851. Maganinta firazikwantel, ana raba shi a makarantu a wurare da dama. In an bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, har ta kai ga dajin mafitsara.

Mai Adaidaita: To yanzu lita nawa za mu sha? Wani ya ce mini kofi 8 dole. Kuma in azumi ya faɗo a zafi fa?

Malamar Jinya: Ba adadi ɗaya ga kowa. Mai zama a inuwa da mai tsayuwa bakin tanda ba za su sha daidai ba. Ma'auninka yana tare da kai: ka duba launin. In ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ka isa. In ya yi duhu, ƙara. Mai lafiya yakan zaga kamar sau 4 zuwa 7 a wuni. A sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba a ɗaga jarka lokaci guda ba, don ruwa zalla mai yawa a kan jikin da gishirinsa ya zube shi ma yana kayar da mutum. Wanda ya yi gumi sosai ya ci abinci mai ɗan gishiri, ko ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da azumi a rarraba shan daga buɗa-baki zuwa sahur, aikin rana kuma a ja shi zuwa safiya in da hali. Wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, wannan maganar ba tasa ba ce, ya bi likitansa.

Launi ma ba kullum ƙishirwa ba ce. Maganin tarin fuka, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja-ja, har gumi da hawaye, ba komai. Amma in ya yi duhu ido ya yi rawaya, shawara ce, hanta za a duba. In yana kumfa mai kauri da ba ta bajewa, ko tururuwa na taruwa a kansa, a je gwaji.

Mai Gashin Burodi: Jama'a na dawo, yau kwana 5. Na ajiye jarka mai lita 5 a gefen tanda, ina kurɓa duk fitar tire, kafin la'asar ta ƙare. Yanzu ina zagawa sau 4 ko 5, launin ya washe, ciwon kan ma tun rana ta biyu ban ƙara ji ba. Haɗin na daina. Na je an auna ni, jinin ya ɗan hau, an ce in dawo bayan mako 2 a sake aunawa, sakamakon gwajin ƙodar kuma sai Litinin. Na karanta wa maigidana abin da Malam ya rubuta na randa, ya yi shiru, da safe sai na ga ya sa an kawo babbar randa an kafa a ƙofar gidan burodin. Mu 9 ne a wurin, uku sun ce za su bi ni gwajin.

Malamar Jinya: Madalla. Ka tafi da ledar haɗin nan ka nuna wa likita ranar Litinin, ya ga abin da ke ciki. In sakamakon ya fito ka turo mini lambar kiriyatinin ɗin da shekarunka ta akwatin sirri.

Dattijon Zaure: Ka gaida maigidan naka. Ka ce masa a samo mata murfi da moɗa mai dogon hannu, kada kowa ya riƙa tsoma kofinsa.